Gara Tumbin da Sigarin, Nura

Assalamu alaikum Nura, ɗana.

Ina fata takardar nan ta same ka ka sauka lafiya, ka sami masauki, ka rama sallolin da hanya ta ci maka. Allah Ya sa ka fita a sa'a, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin mutum, Ya haɗa ka da mutanen kirki a can Kwara, Ya sa ka gama bautar ƙasar nan ka dawo mana lafiya. Ummanka na gaishe ka. Ƙanwarka Hafsatu ma na gaishe ka, ko da yake ita tun kafin ka ɗaure jaka ta fara auna ɗakinka da ido. Na cusa takardar a ƙarƙashin ledar kilishi ne don na san nan hannunka zai fara zuwa. Kada ka ji haushi, ni ma da ni ne nan zan fara.

Magana ce da na kasa faɗa maka baki da baki. Sau nawa na kira ka soro, ka zo ka durƙusa ka ce, "Ga ni, Baba," sai in ji bakina ya yi nauyi, in ɓige da aiken ka sayo dusa. Dusar da ke gidan nan yanzu ta ishi tumakin unguwa. To bari in faɗa a takarda, tun da ita ba ta da ido.

Na san kana shan sigari. Na sani tun kana aji biyu a jami'a, lokacin da ka fara shigowa gida da alewa mai yaji a baki da turare kamar ka yi wanka da shi. Ban yi magana ba, na yi ta kai kukana wurin Allah. Na kuma san ka daina tun azumin da ya wuce. Babu wanda ya gaya mini. Ni dillalin shanu ne, Nura, rayuwata duk a karar Wudil, kasuwar dabbobi, na yi ta ina duba abin da ya ƙaru da abin da ya ragu a jikin dabba. Yaron da na haifa wuyansa ya ciko, kumatunsa suka tasa, maɓallin rigarsa ya fara neman agaji, a ce ban gani ba? Ranar da na tabbatar, ɗaki na shiga na yi sujada. Wallahi na ji daɗin da na daɗe ban ji irinsa ba.

Amma ranar Laraba ina alwala a bayan soro na ji kana waya da abokinka. Ba laɓe na yi maka ba, muryarka ce ba ta da ƙasa-ƙasa, gadon uwarka ne. Na ji ka ce in tumbin nan bai sauka ba, kana isa sansanin bautar ƙasa za ka koma wa sigari, don ba za ka sa gajeren wando a gaban 'yan mata ana yi maka dariya ba. Tsoro na ji, tsoro sosai, domin wannan maganar da bakina na taɓa yin ta, kuma na aikata.

Kai ka buɗe ido ka gan ni da tumbi, kana tsammani da shi aka haife ni. Ina! Tambayi ummanka. Lokacin da aka kawo ta gidan nan ni siriri ne kamar sandar kiwo, in na ɗaure mazagin wando sai na zagaya da shi kusan sau biyu. Tun ina saurayi na koyi sigari a kara, wurin masu lodin shanu zuwa Kudu. Ban taɓa sha a gaban kakanka ba, ban taɓa sha a cikin gida ba. Bayan trela nake laɓewa, ko in gangara bakin kogi in yi zuƙa biyu-uku, in tauna goro in dawo ina muzurai. A tunanina ba wanda ya sani.

Ba a daɗe da bikinmu ba, wani azumi na ce tun da ina iya wuni ban sha ba, bari in haɗa da daren. Allah Ya taimake ni na daina. To abin da ba wanda ya gaya mini shi ne, in sigari ya bar baki, bakin ba ya zama haka nan. Hancina ya buɗe, harshena ya farka. Gadar nan da nake wucewa kullum ban taɓa sanin haka kifin masu suya yake ƙamshi ba. Sai in tsaya. In wuce gaba in tarar da mai awara, in tsaya. Mai rake ya fere mini gaɓa biyu. In isa kara a kawo fura da nono, a dama mini da sukari kamar ana gaba da shi. Da yamma mai shayi ya yi mini haɗin kauri da burodi. Aljihun da kwalin sigari yake zama kuwa ya koma rumbun gyaɗa, duk lokacin da hannuna ya tafi neman kwali sai ya dawo da ita. Ni a lokacin cewa nake yunwa ce.

Ba yunwa ba ce, Nura. Baki ne ya saba da aiki, hannu ya saba da kai masa. Daga baya na gane in abin ya taso, ba ya daɗewa yake lafawa, in dai ka ba shi wani abin yi. Ka sha ruwa. Ka sa aswaki a aljihun gaba, ga lada ga aikin yi. In dole sai ka tauna wani abu, ka nemi yalo ko gurji ko karas, su ba sa zama a ciki su yi gini. Lemon kwalba kuwa ka yi masa kallon baƙo, ana gaisawa ne jefi-jefi. Kada ka ce goro zai maye maka gurbi, na gwada, bacci ya ƙaurace mini, haƙorana suka koma kalar jar ƙasa.

Ga kuma bismilla. Ka san halin kasuwarmu, duk tiren da ka gifta sai an ce maka bismilla. Da can sigari ya kashe mini cin abinci, sai in ce alhamdu lillahi in wuce. Da na daina kuwa, ko daga nesa aka ce bismilla, kafin mai maganar ya rufe baki na wanke hannu. Akwai ranar Juma'ar da na ci abincin rana a rumfa uku, na zo gida na tarar da tuwo, na kuma zauna. Ka koyi cewa alhamdu lillahi da fara'a. In mai tayin babba ne, ka ji nauyin ƙi, ka sa hannu ka yi loma biyu ka yi godiya. Ba wanda zai ce ka raina shi.

Wautar da ta fi ba ni dariya yanzu ita ce ta cikin gida. Tun da a ɓoye nake sha, sai na daina a ɓoye. Yaya zan ce wa ummanka na bar abin da ban taɓa cewa ina yi ba? Ita kuma baiwar Allah tana da nata ciwon. Tun da ta tare, gwaggonnina ke yi mata habaici, wai amarya ta shigo amma ango har yanzu ƙashin wuya a waje, ko dai hannunta bai faɗa ba ne a girki. Rannan kawai sai ga miji ya fara cikowa. Kai, zo ka ga murna! Malmala biyu ta koma uku. Man shanu ya fara yawo a kan miyar kuka. Gwaggo Abu ta zo ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Yawwa, yanzu na san an yi aure." Ummanka ta yi kwana da kwanaki tana murmushi ita kaɗai. In na ce na ƙoshi sai ta ɓata fuska ta ce, "Malam, ko miyar ce ba ta yi ba?" Wa zai iya? Sai in lanƙwasa ƙafa in share kwanon.

Shekaru bayan haka da na zaunar da ita na ce ina da wani sirri, na taɓa shan sigari, sai da ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Malam, wa yake wanke maka riga?" Ashe tun satin farko ta sani. Abin da ba ta sani ba shi ne na daina, da kuma cewa dainawar ce ke sa ni ci kamar gara. Ta ce da na gaya mata, da ta san yadda za ta yi da ni. Kunya ta hana ni neman taimako wurin wadda ke riƙe da ludayin. Don haka a can inda kake, ka sami mutum ɗaya mai hankali ka gaya masa kai tsaye: na bar sigari, in ka ga ina kallon mai sha, ka ja ni mu tafi. Ba abin kunya ba ne. Wanda ya daina ai shi ke da abin faɗa.

Yanzu bari in zo kan maganar da ta sa na ɗauki biro.

Ka tuna Baffa Ɗanjuma, ɗan kawuna, mai yi maka kyautar alewa in ya zo? Taubashina ne, ka san tsakaninmu babu abin da ba a faɗa. Tare muka koyi sigari, shi bai daina ba. Wata Juma'a kara ta cika maƙil, ga fatake daga ko'ina, na sunkuya zan duba kofaton wani sa, sai ɗinkin rigata ya yi ɓarr daga hammata har kwiɓi. Ɗanjuma na kusa. Sai ya zagayo bayana yana taɓa ni yadda muke taɓa dabba, ya matsa kwiɓina, ya daddaɓa doron wuyana, ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, ga na turke! Dusa da harawa zalla, ba a taɓa sa shi noma ba. Wa zai taya?" Wani Bafulatani ya taya, wani ya ƙara. Kara ta ɗauki dariya. Ni ma na yi dariyar, don ba a fushi da taubashi, amma na sulale na bar wurin.

Da aka watse ya same ni bayan trela ina riƙe da yagaggiyar riga. Ya miƙo mini karan sigari ɗaya ya ce, "Sale, karɓi ka sauke kayan nan. Da kana sha ai ba haka kake ba." Ba da mugunta ya yi ba, Allah Ya sani, shi a ganinsa magani ya ba ni. Na ce a raina wata ɗaya kawai zan yi, tumbi na sauka in watsar. Na karɓa, ya ƙyasta mini ashana.

Wata ɗayan nan sai da ya kai ni har ka shiga firamare. Kuma ka san abin haushin? Tumbin bai tafi ba. Ya ɗan ragu kaɗan, ya gyara zama. Na tashi da biyu, ga teɓa ga hayaƙi. Tari ya zame mini sallama, kafin in shigo soro ummanka ta san ni ne. Sa ya kuɓuce a kara, yara na bin sa, ni ina tsaye dafe da gwiwa ina haki. Wata rana na kai ka bakin kogi kallon masu jirgi, da za mu hau gangaren ka ce in ɗora ka a wuya. Na ɗora ka, ban kai rabi ba numfashina ya sarƙe, na sauke ka na zauna a ƙasa. Ka tsaya kana kallo na ka ce, "Baba, na yi nauyi ne?" Kai da ko buhun dusa ba ka kai ba. Na ce a'a, ƙaya ce ta soke ni. A ranar na jefa kwalin a kogi, kuma da ikon Allah ban sake ba.

Dariyar da aka yi mini a kara, zuwa Juma'a ta gaba kowa ya manta, an sami wani abin dariyar. Ni kaɗai na riƙe ta, na biya ta da ƙirjina shekara da shekaru. Su ma 'yan sansaninku haka za su yi. Za su tsokane ka a fareti, wani ya laƙaba maka suna, sati biyu su koma kan mai manyan kunnuwa. In sun tsokane ka ka riga su dariya, ka shafa cikin ka ce tuwon Kano ne, ba na sayarwa ba. In kakin da suka ba ka bai shige ka ba, akwai tela a ko'ina, a buɗe shi. Yarinyar da za ta ƙi ka don wando ya matse ka kuwa, ta hutar da mu zuwa neman aure.

Kada ka ɗauka a dainawa ta biyu na yi hankali gaba ɗaya. Jikin ya sake hawa, har ya fi na farko, na kuma ruɗe. Na fara da hana kaina abinci, in wuni da ruwa, magariba na yi in far wa kwano kamar wanda aka sako daga turu. Ba abin da ya ragu sai haƙurina, har ummanka ta ce in dai haka zan riƙa faɗa, gara in ci. Daga nan na ji mai magani da lasifika a tasha yana cewa nasa na narkar da teɓa kamar man shanu a rana. Na saya a ɓoye, na sha da safiyar Juma'a, ranar kasuwa, ka ji wauta. Nura, ranar ban sayar da ko akuya ba. Hanyar bayan gida na wuni ina aunawa, har mai gadin wurin ya daina tambaya ta. Na kwana biyu a kwance, na tashi tumbi na nan yana jira na. Don Allah duk wanda ya ce maka yana da abin da zai sauke ƙiba cikin sati, garin magani ne ko ƙwaya ko shayi, ka yi masa fatan alheri ka wuce.

Wata ma'aikaciyar asibiti ce ta warware mini, lokacin da ummanka ta tasa ni gaba muka je awon jini. Na yi mata ƙorafin tumbi, ta ce yawancin masu dainawa sukan ƙara jiki a farko, kuma ƙarin bai kama ƙafar illar hayaƙin ba. Ta ce in rage sukari da maiƙo, in ci abincina a kan lokaci, in riƙa tafiya. Shi ke nan maganin, ko allura babu. Na jingine babur, na koma zuwa kara a ƙasa bayan sallar asuba, in tsallake gada ina gaisawa da masunta. Mutane suka yi ta tsayawa za su rage mini hanya, wasu na tambaya ko babur ɗin ne ya lalace. Ummanka ta mayar da malmala biyu, man shanu ya koma na ranar Juma'a. A hankali, ba a wata ɗaya ko biyu ba, rabin abin ya sauka. Sauran rabin shi ne wanda ka sani, mun yi sulhu da shi. Kai ma ka yi tafiya, ka buga ƙwallo da 'yan'uwanka, faretin nan da kake tsoro ma gata ne aka yi maka. In jikin ya ci gaba da hawa har ya dame ka, ka je asibiti a duba ka, kada ka tsaya shawara da abokai.

In kuma shaiɗan ya yi galaba wata rana ka sha ɗaya, kada ka ce an riga an ɓata, bari a ƙarasa kwalin. Nan na faɗi. Ka yar da sauran, ka kira ni. Ba sai ka yi dogon bayani ba, ka ce, "Baba, na yi tuntuɓe," zan gane. Ba zan yi maka faɗa ba, wallahi ba zan yi ba. Da wane bakin?

Kana makaranta lokacin da ciwon Baffa Ɗanjuma ya yi tsanani, ba ka ga ƙarshensa ba. Shi har ya kwanta bai taɓa yin tumbi ba, rigar angwancinsa ma tana shigarsa. Ƙirji ne ya kama shi. Rai na hannun Allah, ban ce ga abin da ya kashe shi ba, kwana ne ya ƙare. Amma na zauna kusa da shi na ji yadda yake jan numfashi kamar ana jan guga daga rijiya mai zurfi. Ranar da na je masa ta ƙarshe, na ɗauka ba zai iya magana ba. Sai ya miƙo hannu ya kama damtsena ya matsa, irin matsawar kara. Ya yi murmushi ya ce, "Na turke." Na ce, "Kai dai ba ka gajiya." Ya daɗe yana tattara numfashi, sannan ya ce, "Sale, ka yafe mini karan nan da na ba ka." Ashe shi ma bai manta ba. Na ce haba Ɗanjuma, ni na miƙa hannu na karɓa. Na fito waje na yi kuka kamar yaro.

Ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa. Nura, babu nauyi. Na sa kafaɗa na shirya ɗaukar mutum, sai na ji kamar likkafani kaɗai muka ɗauko. Mutanen da suka yi mini dariya a kara da yawansu suna wurin, ba wanda ya ce Ɗanjuma ya yi kyan jiki. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa, Ya sa ciwon ya zama kaffara.

Ina son ka, ɗana. Ba mu saba faɗa ba, amma yau na faɗa. Ka dawo mini da Sallah ko da sai ka karkace za ka shigo soro, ni zan fi kowa murna. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne in ji wannan tarin daga bakinka.

Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya ƙarfafi zuciyarka a kan abin da ka bari dominSa, Ya ba ka lafiya mai amfani da numfashi mai tsawo. Ka riƙe salla a kan lokaci, ka riƙa kiran ummanka. Allah Ya yi maka albarka, Ya sa kai za ka ɗauke ni, ba ni zan ɗauke ka ba.

Wassalam.

Mahaifinka,
Sale
Wudil